Kashin Maƙera da Kunnen Tukunya

A bayan wani gida a Kotobabi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima da Maamobi a birnin Accra, wanda tsofaffin Zango suka fi sani da Ankara, akwai wata rumfar kwano da hayaƙi ya riga ya rine. A ƙarƙashinta wani dattijo ya shafe fiye da shekara talatin yana zubin tukwane. A Kano ko Sakkwato da maƙerin fari za a kira shi, domin Bahaushe ya raba ƙira gida biyu: maƙeran baƙi masu dukan baƙin ƙarfe su fitar da fartanya da gatari, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da sauran ƙarafan da ake narkawa. A Zango kuwa mai tukunya kawai ake ce masa. Abin da yake zubawa shi ne tukunyar nan mai kauri ta sanholo, wato alminiyam, wadda masu jin Twi ke kira dadesen. Babu mai sayar da waakye ko koko ko tuwon zafi da za ta yi sana'a ba tare da irinta ba.

Sana'ar ba ta kai ƙirar baƙi tsufa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta bazu a garuruwan Afirka ta Yamma, lokacin da tarkacen sanholo ya fara yawa. Kuma har yau a kan tarkace take tsaye. Ghana tana haƙo ƙasar da ake fitar da sanholo daga cikinta a Awaso, tana da masana'antar VALCO a Tema wadda ta fara aiki a 1967 da wutar madatsar Akosombo, amma sabon sanholo bai cika isowa rumfa irin ta dattijon ba. Nasa rabon shi ne gwangwanin lemo, da tsohon kan injin mota, da firam ɗin taga, da tukwanen da suka mutu. Shekaru da yawa a Agbogbloshie yake saro su, kafin a rushe kasuwar tarkacen a watan Yuli na 2021.

Aikin a ido ba shi da wuya. Akan haƙa murhu a ƙasa a cika shi da gawayi, a hura masa iska da fanka wadda ake juyawa da ƙafar keke, ita ce ta gaji zuga-zugi. A ɗora kaskon baƙin ƙarfe a loda tarkace. Sanholo yana narkewa a digiri 660 a ma'aunin Salshiyas, don haka gawayi ya ishe shi. Kafin ya narke an riga an shirya gidan zubi: akwatin katako cike da yashi mai laka da ɗan danshi, a danna tsohuwar tukunyar da aka raba biyu a ciki har ta bar siffarta, a zare ta, a bar kafa ɗaya a sama inda ruwan ƙarfe zai shiga. Abin da ya rage shi ne abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo. A saman narkakken ƙarfen wani datti mai launin toka yana taruwa, mai kama da kumfar da ke tasowa a tukunyar wake. Wannan dangin abin da Bahaushe ya daɗe yana kira kashin maƙera ne. Dole a yaye shi da ludayi, a ɗan dakata, a sake yayewa, sa'an nan a zuba a hankali ba tare da an katse ba.

Dattijon yana da ɗa namiji wanda ya taso a wannan rumfa. Yaron ya iya karatu, kuma a ransa yana jin kunyar sana'ar, domin abokansa na makaranta sukan tsokane shi da baƙin farce da ƙaurin gawayi. Yana da shekara goma sha huɗu aka yi wata rasuwa a Maamobi, mahaifin ya tafi jana'iza bayan an riga an hura wuta, ya bar masa sallahu cewa ya kula da murhu kawai har ya dawo. Akwai babbar tukunya da wata Hajiya mai waakye ta biya rabin kuɗinta, gidan zubinta yana nan a shirye. Yaron ya ga ƙarfe ya narke, ga kuma abokansa suna jiransa a filin ƙwallo. Sai ya yaye dattin sau ɗaya, ya ɗaga kaskon da awartaki shi da wani ɗan koyo, suka zuba daga sama da gaggawa. Yana cikin zubawa ya ga gefen kafar ya ɗan zaizaye, ɗan guntun yashi ya bi ƙarfen ya shige. Ya gani sarai. Ya yi shiru.

Da aka fasa gidan zubin tukunyar ta fito sumul. Ya goge bakin zubin da magagari, ya jera ta cikin 'yan uwanta. Mahaifin ya dawo ya yi faɗa kaɗan a kan zarmewa, ya ƙwanƙwasa tukunyar kamar yadda yake yi wa kowace, ya cika ta da ruwa ya ga ba ta yoyo, ya aika wa Hajiya da kayanta.

Wata bakwai tukunyar tana aiki. Kullum da asuba a ɗora ta, a sauke ta, a ɗaga ta da kunnuwanta biyu tana cike. Wata safiya Hajiya da 'yarta suna sauke ta daga murhu, sai kunne ɗaya ya ɓalle. Tafasasshen ruwan wake ya kwarare a ƙafar yarinyar. Hajiya ta zo rumfar da guntun kunnen a ƙulle a bakin zane, ba ta ɗaga murya ba, ta ajiye shi a gaban dattijon. Ya ɗauka ya juya shi a hasken rana. Inda ya karye ba fari ne duka ba, a tsakiya akwai baƙin tabo mai girman ƙwayar wake, da tsakin yashi a manne. Ya biya kuɗin asibiti, ya zuba mata sabuwar tukunya kyauta, kuma kusan shekara guda masu abinci na wannan layi suna kai cinikinsu wata rumfa. Bai tambayi kowa komai ba. Yaron yana tsaye a bayan buhun gawayi yana kallo, bai ce uffan ba.

Shekaru suka wuce, yaron ya zama saurayi, ya sami gurbi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, a fannin ilimin ƙarafa. Ya zaɓi fannin yana ganin hanya ce ta barin rumfa har abada, ya koma inda ake aikin ƙarfe da farar riga. A shekararsa ta ƙarshe ya tsunduma cikin karatun gaurayen ƙarfen nikel, waɗanda suke can ƙololuwar wannan ilimi.

Nikel farin ƙarfe ne wanda wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya fara warewa a 1751. Ba ya narkewa sai a digiri 1455, ya ninka sanholo fiye da sau biyu. Kowa ya taɓa riƙe shi bai sani ba, domin cokalin da ba ya tsatsa yakan ƙunshi kimanin kashi 8 cikin 100 na nikel. Darajarsa ta gaske tana inda zafi ya tsananta. Idan aka gauraya shi da wasu ƙarafa, yana riƙe ƙarfinsa a yanayin da ƙarfen gama-gari zai yi laushi. Tun shekarun 1940, lokacin da aka ƙera haɗin Nimonic a Ingila domin injunan jet na farko, nikel ya zama ƙashin bayan injin jirgin sama. Mafi shahara cikin dangin shi ne Inconel 718: fiye da rabinsa nikel ne, kusan kashi 19 kuromiyam, kimanin kashi 5 niyobiyam, kashi 3 molibdinam, da ɗan titaniyam da sanholo, ragowar baƙin ƙarfe. Da shi ake yin faifan da ke riƙe fukafukan cikin injin, yana juyawa dubban sau a minti ɗaya cikin zafin da ya kai ɗaruruwan digiri.

A nan saurayin ya ci karo da abin da yake gudu. Babban abokin gaban wannan ƙarfe mai tsada shi ne ƙananan baƙin abubuwa da ba ƙarfe ba, waɗanda ke maƙalewa a cikinsa lokacin narkarwa. Da ya nemi sunan da zai ba su da Hausa a littafin rubutunsa, bai sami wanda ya fi tsakuwar ƙarfe ba, domin kamar tsakuwa suke a cikin shinkafa: ba a ganin su a faranti, sai haƙori ya same su. Asalinsu biyu ne. Wasu a cikin tukunyar ake haifar su. Sanholo da titaniyam, waɗanda su ne ke ba haɗin ƙarfi, suna da kwaɗayin iska. Sanholo ya haɗu da oksijin ya zama ƙwaya mai tauri wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2000. Titaniyam ya haɗu da naitirojin ya zama 'yan ƙwayoyi masu kusurwa, masu launin zinariya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Farar wuta ma tana haifar da nata. Wasu kuwa daga waje suke faɗowa: ɓarɓashin jikin tukunyar narkarwa, ko dattin saman ƙarfe da ya bi kwarara. Wato guntun yashi ke nan daga bakin kafa.

Galibinsu ƙanana ne ƙwarai, ana auna su da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin mutum ya kai maikiron saba'in ko kusa da haka. Illar tana cikin bambancin hali. Ƙarfe yana miƙewa idan an ja shi, yana kumbura da zafi, ya tsuke da sanyi. Tsakuwar ba ta bin sa. Ko dai ta tsage, ko ta saki jikin ƙarfen da ke kewaye da ita. Duk nauyin da ya kamata ya bazu sai ya taru a gefenta. Kowane tashi da saukar jirgi ja ɗaya ne da saki ɗaya, kuma a kowanne tsagar tana ƙara ɗan tsawo da ido ba ya gani. Masana suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Sai ranar da lafiyayyen ɓangaren da ya rage ya kasa ɗaukar nauyin, abin ya ɓalle gaba ɗaya. Karin maganar da ke cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari ta yi daidai da wannan al'amari har a lissafi, domin tsakuwa mafi girma da ta faɗa a wuri mafi wahala ita ke yanke tsawon ran faifan, ko da sauran jikinsa tsarkakakke ne.

Saboda haka masana'antu sukan narka ƙarfen faifan har sau uku. Narkin farko a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska ake yin sa, da ƙarfin lantarki, domin gawayin da ke cikin haɗin ya kama oksijin su fice tare a matsayin hayaƙi, kuma akan jinkirta zuba sanholo da titaniyam sai ƙarshe. Akan bar ruwan ƙarfen ya natsu, domin tsakuwar ta fi shi rashin nauyi, za ta taso sama, sai dai manya ne ke tasowa da sauri, ƙananan kuwa suna daɗewa. Akan kuma tace shi ta matacin yumɓu mai kama da soso. A narki na biyu sandar da aka samu tana narkewa ɗigo-ɗigo ta ratsa wani tafkin narkakken kashin maƙera da aka haɗa da gangan daga farar ƙasa da wasu ma'adinai, shi kuma ya kama dattin da farar wutar ya riƙe. Kashin maƙera ke wanke kashin maƙera. A na uku ana sake narka sandar da tartsatsin lantarki, babu iska, a cikin mazubin jan ƙarfe da ruwa ke sanyayawa. Bayan an ƙera faifan, a duba shi da na'urar da ke aika sauti ya ratsa ƙarfe ya dawo.

Duk da wannan, wani lokaci abu yakan kuɓuce. Ranar 28 ga Oktoba 2016, jirgin American Airlines mai lamba 383, ƙirar Boeing 767, yana gudu a kan titin tashi a filin O'Hare na Shikago zai nufi Miyami, sai faifan Inconel 718 da ke cikin injinsa na dama ya tarwatse. Wani guntu ya huda fiffike ya fasa bututun mai, wuta ta kama. Wannan guntun ya yi tafiyar kusan mita 900 a sama ya faɗa cikin wani ɗakin ajiyar kaya. Matuƙan suka tsayar da jirgin, mutum 170 da ke ciki suka fita da rai, ɗaya ya ji mummunan rauni. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa tsagar ta faro ne daga wani farin tabo mai datti da ke binne a ƙarƙashin fatar faifan. Irin wannan tabo yana samuwa ne idan wani ɓarɓashi ya faɗa cikin tafkin ƙarfe a narkin ƙarshe, bai gama narkewa ba, ya daskare da tarin tsakuwarsa. Tun ƙarshen shekarun 1990 yake kwance a wurin, faifan ya yi tashi fiye da 10,000 da shi, kuma dubawar da ake yi wa saman faifan ba ta iya hango abin da ke ciki ba. Shekara bakwai bayan haka, a watan Yuli na 2023, kamfanin Pratt & Whitney ya sanar cewa garin ƙarfen da aka yi wasu fayafayan injinsa da shi ya gurɓata, abin da ya sa aka ajiye ɗaruruwan jiragen Airbus A320neo a ƙasa ana dubawa.

Saurayin ya daɗe a ɗakin karatu yana kallon hoton inda faifan Shikago ya karye. Ya san wannan hoto. Ya gan shi shekara goma da suka wuce a hannun mahaifinsa, a hasken rana. Bambancin kawai shi ne a Shikago sai da aka yi bincike kafin a san mafarin abin, a Kotobabi kuwa akwai wanda ya ga yashin yana faɗawa.

Da hutu ya zo ya koma gida. Rumfar tana nan, sai dai tarkace ya yi tsada, idon dattijon kuma ya fara rauni. Bayan sallar la'asar ya zauna kusa da shi a kan benci, jiragen da ke tashi daga filin jirgin saman birnin suna ratsa samaniya jefi-jefi. Ya fara da ba shi labarin narki uku da tukunyar da babu iska. Dattijon ya saurara, ya tambaya ko su ma suna barin ƙarfe ya huta kafin su zuba. Da ya ji cewa suna bari, sai ya gyaɗa kai. Sa'an nan saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, tukunyar Hajiya da kunnenta ya ɓalle, na ga yashi ya faɗa lokacin da nake zubawa. Ban faɗa maka ba."

Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci. "Na san zubinka ne," in ji shi. "Cewa ka gani da idonka, wannan yau na sani."

"Me ya sa ba ka taɓa yi mini maganar ba, Baba?"

"Daga rumfata ta fita. Ni na ƙwanƙwasa ta, ni na ce ta yi. Ranar kunnena ya ji wani abu kaɗan, amma Hajiya tana jira, ni kuma ina bukatar cikon kuɗin." Ya kakkaɓe toka daga gwiwarsa. "Ni na biya nawa. Kai kuma ba ni za ka ba haƙuri ba."

Kwana biyu saurayin yana kewaya layin Hajiya bai tsaya ba. A na uku ya je da sassafe kafin masu saye su taru. Ya same ta ta manyanta, tana zaune tana rege shinkafa a ƙwarya, tana karkata ta a hankali domin tsakuwa ta kwanta a ƙasa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi ko shi ɗan wane ne, ya faɗi abin da ya kawo shi, bai rage komai ba. Ba ta daina aikinta ba har ya gama. Ta ce yarinyar ta yi aure tana Ashaiman da 'ya'ya biyu, tabon yana nan, kuma har yau ba ta son tsayawa kusa da babbar tukunya. Ta ce game da ita dai ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma ƙafar ba tata ba ce, don haka za ta ba shi kwatancen gidan. Sa'an nan ta nuna wata tukunya da gindinta ya sirance, ta ce tana son sabuwa kafin azumi, kuma shi take so ya zuba da hannunsa.

Abin da ya karanto a Kumasi ba duka ne ke shiga rumfar kwano ba. Babu tukunyar da za a zuƙe wa iska, babu na'urar sauti. Akwai ma matsalar da ludayi ba ya yayewa: bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa tukwanen tarkace kan saki dalma cikin abinci, ita kuwa dalma ƙarfe ce da ke narkewa ta gauraye, maganinta tun wurin zaɓen tarkace yake. To amma abin da hannu zai iya ya yi. Ya zauna ya ware tarkacen ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da duk mai walda da wanda bai san asalinsa ba. Ya kankare mai da fenti, ya shanya komai ya bushe sarai. Ya danne yashin bakin kafa da babban yatsa har ya yi tauri, ya busa ɓarɓashin da ya rage. Ya ƙara wa kunnuwan kauri a inda suka haɗu da jiki. Da ƙarfe ya narke bai dama shi ba, domin sanholo yana yin sabuwar fata duk lokacin da ya haɗu da iska, kuma motsi ke naɗe fatar ta shige ciki. Ya yaye, ya jira, ya sake yayewa. Dattijon yana zaune a gefe, bai sa baki ba sai sau ɗaya, da ya ce a sauke bakin kaskon ƙasa-ƙasa kusa da kafa.

Washegari aka fasa gidan zubin. Saurayin ya goge bakin zubi, ya ɗauki tukunyar ya kai gaban mahaifinsa. Dattijon ya rataye ta da igiya, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa gindi, ya ƙwanƙwasa ciki, ya ƙwanƙwasa kowane kunne sau uku. Sa'an nan ya miƙa wa ɗansa guntun ƙarfen ya ce shi ma ya buga ya ji. Suka cika ta da yashi maimakon ruwa, suka ɗaga ta da kunnuwa suka sauke, suka yi ta maimaitawa har hannu ya gaji. Da yamma saurayin ya ɗora ta a ka ya kai wa Hajiya. Takardar kwatancen Ashaiman tana cikin aljihunsa, kuma ya riga ya tambayi tashar da ake shiga motar can.